Zaɓen Makami a Ƙasar Kankiya da Kusada

A ƙasashen da ake sayar da bindiga a kanti, irin su Amurka, mai neman makamin kare kai yakan tsaya ne a kan nauyinta da yawan harsashinta da yadda take zama a tafin hannu. A ƙasar Katsina kuwa, zancen ya shigo ta wata ƙofa daban. A watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya tsaya a Jibiya ya yi kira ga jama'a da su nemi makamai su kare kansu daga 'yan fashin daji. Tun daga lokacin, maganar da a da sai a ɗaki ake raɗa ta, ta fito majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi.

Kankiya da Kusada ba sa bakin dajin Rugu kamar Safana da Batsari da Ɗanmusa. Sai dai Kankiya na maƙwabtaka da Matazu da Musawa, inda aka sha kai hare-hare, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Cikin masu shafa ruwan har da wani malamin sakandare, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ke zaune a Kankiya, mahaifiyarsa da gonar gadonsu kuma suna wani ƙauye na ƙasar Kusada. Kowace Asabar yakan hau babur ya je ya gaishe ta, kuma ya daɗe da daina yarda magariba ta riske shi a hanya.

Ƙanensa ne ya fara nuna masa ƙaramar bindigar zamani a waya. Ita ce irin wadda injiniyan ƙasar Ostiriya, Gaston Glock, ya ƙera, sojojin ƙasarsa suka karɓe ta a farkon shekarun 1980. Gangar jikinta roba ce mai tauri, don haka ba ta da nauyi, kuma robar ba ta tsatsa. Ba ta da gudumar da ake ɗanawa da babban yatsa kamar libarba. Wata allura ce a ciki da sifirin ke tunkuɗawa ta daki gindin harsashi da zarar an ja kunama. Samfurin Glock 17 na ɗaukar harsashi 17 masu faɗin milimita 9, kuma babu wani makulli a gefenta da mutum zai tsaya lalube cikin firgici. Malamin ya kalli duk wannan da idon mai koyar da kimiyya, ya ga aiki ne na hikima. Ya ayyana ta cikin aljihun babbar rigarsa, a kan hanyar gona, babu wanda ya sani.

Da ya koma ga doka sai ya tarar ta riga ta yi masa zaɓi. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko na haramtattun makamai ne, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu, kuma a nan aka jera fistol da libarba, kafaɗa da kafaɗa da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta, irin su mai baki biyu, a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne bindigar toka da danginta, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinsu kuma na wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Ashe bindigar da ta fi kwanta masa a rai ita ce ta fi nisa da hannunsa. Hanyar da ta rage ita ce ta bayan fage, wato ya miƙa guminsa ga dillalan da suke ciyar da 'yan bindigar daji da harsashi, sannan ya riƙa wuce shingen jami'an tsaro da abin da zai iya kai shi gidan yari shekaru masu yawa.

Wannan tsari yana da saiwa mai zurfi. A taron Brussels na 1890, ƙasashen Turai sun amince su taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ɗurin baki. Kafin nan, Sarkin Damagaram Tanimu ya riga ya sa ana haɗa albarushi da ƙera igwa a birninsa, amma da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, sai makami mai nagarta ya zama na hukuma, adaka ta zama rabon talaka da maharbi. Dokar da aka gada ta ginu ne a kan alkawarin cewa hukuma za ta tsare kowa. Abin da ke ci wa malamin tuwo a ƙwarya shi ne, ɗan fashin daji bai san da wannan alkawari ba. Yana tafe da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa ɗaruruwan mita, alhali fistol ba ta cika amfani ba in an wuce mita 50. Su kuma maharan sukan zo ne a kan babura, ayari guda, galibi goyon biyu ko uku.

Matarsa ba ta yi masa musu a kan doka ko tarihi ba. Abin da ta tambaye shi kawai: "Malam, a ina za ka ajiye ta?" Ya yi shiru, domin ya ga tarkon da ke cikin tambayar. Idan ya sa ta ƙarƙashin matashi, autansu ɗan shekara huɗu ba ya barin komai a ɗakin bai taɓa ba, kuma rashin makullin gefen nan da ya burge shi, shi ne zai sauƙaƙa wa ɗan ƙaramin yatsa. Idan ya kulle ta a akwati ya ware harsashi, to kafin ya nemo mabuɗi cikin duhu an riga an ɓalle ƙyaure. Ga kuma masu kai rahoto daji, waɗanda ake kira infoma. Gidan da aka ji ƙishin-ƙishin akwai bindiga mai tsada a cikinsa ya ƙara wa kansa dalilin da za a nemo shi.

Kawunsa, tsohon maharbi da ya shafe shekaru yana saɓa adaka a dazukan Kusada, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Kai ɗan nan, harbi ba shi da wuya, sanin wanda ba za ka harba ba shi ne aikin. In ka ji motsi a zaure tsakar dare, da me za ka bambanta ɓarawo da ɗanka da ya dawo daga hira?" Ya ce, "Kawu, ai sai in tambaya." Tsohon ya ce, "Mai tsoro ba ya tambaya." Malamin ya tuna abin da ya faru a yankunan Zamfara da yammacin Katsina, inda wasu 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi kawai, ramuwar gayya ta biyo baya, har wutar ta cinye ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Rugar da ke bayan gonarsu ta fi shi shekaru a wurin, kuma nonon da mahaifiyarsa ke dama fura da shi daga can yake zuwa.

Duk da haka bai taɓa ɗaukar masu neman makami a matsayin marasa tunani ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon larura don kare rai ko dukiya, malaman addini kuma ba su saɓa ba a kan halascin kare kai da iyali. Shi malami ne, kuma bai manta daren Disambar 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda ya kira neman ɗauki har gari ya waye babu wanda ya zo, da wuya a lallashe shi da sashen doka.

A ƙarshe kuɗin da ya tara ba su tafi ga bindiga ba. Ya sa maƙeri ya yi masa ƙyauren ƙarfe, ya kafa fitila mai aiki da hasken rana a lungunsu, ya shiga karo-karon da unguwa ke yi wa 'yan sintiri, sannan suka tsara wanda zai kira wane idan aka ji motsin babura. Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai dakaru 1,466 a watan Oktoban 2023, ya ga a ƙalla an yi ƙoƙarin sa makami a hannun waɗanda aka horar, aka san sunayensu, kuma akwai mai tuhumarsu in sun yi ba daidai ba. Ya yarda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko da yake ya san ƙyaure da fitila ba sa tare harsashi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ya roƙi mahaifiyarsa ta dawo Kankiya, ta ce masa, "Kabarin ubanka na nan, gero bai nuna ba, ina za ni?" Ya ce, "Inna, to bayan girbi." Ta ce Allah ya kai mu. An yi girbi uku tun daga ranar, kuma har yanzu kowace Asabar yana kama hanyar Kusada da hantsi, hannunsa babu komai sai ledar goro da maganin hawan jininta.