Daga Tiga zuwa Doguwa, da Hirar Jirgi Mai Saukar Ungulu

Kawuna tsohon makanikin jiragen sama ne, shi ya ja ni rakiyar ɗaurin aure zuwa Doguwa da kaka. Muka bar Kano da sassafe ta hanyar Zariya, muka ratse ƙasar Bebeji don ya nuna mini madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Ruwa ne iya ganinka, masunta a bakin gaɓa suna ɗinke komarsu. Daga nan sai Kwanar Ɗangora a Kiru, muka kama hanyar Jos. A Tudun Wada muka yi azahar, ga buhunan shinkafa jibge ana ta lodi.

Mun kutsa dajin Falgore ke nan sai ga jirgi mai saukar ungulu ya gifta ta kanmu. Kawu ya sauke gilashi, ya karkata kunne.

"Wannan injin jet gare shi," in ji shi. "Mai fistin ba haka yake kuka ba."

"Kawu, ashe da mai fistin, irin na mota?"

"Sosai kuwa, ɗana. Su ne ƙananan."

Shi ke nan hira ta ɓarke. Ya ce wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Robinson, kamfanin da Frank Robinson ya kafa a 1973 a Kalifoniya ta Amurka. R22 mutum biyu yake ɗauka, ya fito a 1979. Ƙanensa R44 mutum huɗu. Injin Lycoming ke jan su, mansu kuma wani fetur ne na musamman mai launin shuɗi. A Ostareliya har kiwo ake yi da R22, ana kora garke daga sama. Ya faɗi haka yana nuna wasu Fulani da ke tsallakar da shanu titi, da sandunansu a kafaɗa.

Amma abin da ya fi nanatawa shi ne takarda. Kowane jirgin farar hula yana da lambar rajista a jikinsa. Na Najeriya da 5N take farawa, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Amurka N, na Ingila G. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da ita. Jirgi kuma yana da littafinsa: shekarar ƙira, lambar masana'anta, hannun da ya bi, awa nawa ya yi a sama, wa ya kwance wane ƙarfe. R22 in ya cika awa 2,200 ko shekara 12, dole a kwance shi a sabunta, ko da lafiyarsa ƙalau.

Na tuna masa da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da duniya ta ji labarinsa a 2007, bayan ya haɗa nasa jirgin da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga kimanin ƙafa 7 daga ƙasa. Kawu ya jinjina kai.

"Yaron ya yi abin a yaba. Amma basira ita kaɗai ba ta sa a ba ka lamba. Sai an gwada kowane ƙarfe, an rubuta, an sa hannu."

La'asar sakaliya muka isa Doguwa, duwatsu sun kewaye mu, masara a shanye ƙofar kowane gida. Tafiyar da ta ci mana wuni, R44 mai gudun kusan kilomita 200 a awa zai yi ta cikin awa guda.

Yaranmu masu haɗa jirgin gwangwani a lungu suna da yawa, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya kuma tana nan tun 1964. Masu hali da ƙananan hukumomin nan huɗu, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su ɗauki nauyin ko da yaro ɗai-ɗai ne, a tura su can su koyi aikin bisa ƙa'ida.