Alƙalami da Takobi a Gidan Feiritéar

Duk sa'ad da na yi tafakkuri a kan mutanen da Allah ya haɗa wa fasaha da jarumtaka, sai zuciyata ta tafi ƙuryar yammacin Ailan, inda ƙasa take ƙarewa bahar ya fara, wurin Piaras Feiritéar, wanda kakanninsa, ko da yake asalinsu Normawa ne, suka daɗe a lardin Keri har harshen Gelik ya zama nasu, suna riƙe da tsibiran Bilasket bisa harajin shaho biyu kowace shekara ga sarakunan Desmond.

Ma'abocin ilimi ne, makaɗin garayar ƙasarsu, wanda ya tsara waƙoƙin bege da na ta'aziyya. Amma da tawayen mutanen Ailan ya ɓarke a 1641, sai ya ɗauki makami ya yi wa ganuwar Tirali ƙawanya, ya ji rauni, bai kuwa sallama ba har rundunar Kuramwel, jagoran sojojin Ingila, ta ci ganuwar Ros a 1652. Aka ba shi aminci ya je Kilarni neman sulhu, aka saɓa alkawari, aka rataye shi a 1653.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin iyalinsa, waɗanda aka ƙwace wa gonakin gado, gidansu ya zama kufai a bakin teku, alhali masunta da manoman yankin sun ci gaba da haddace baitocinsa, suna ba 'ya'yansu labarinsa a hirar dare.