Gem mai labari: da can ana ba ka labari, yanzu kai ke ɗaukar alhaki

Yawancinmu da muka taso a Arewa, in an ce gem to ƙwallo ake nufi. PES, FIFA, sai Mortal Kombat in an gaji. A gidan gem kuɗin wasa ɗaya kake biya, wa zai bar ka ka zauna karanta Turanci alhali mutum biyar na jiran layi? Sai da karatu ya kawo ni Kudu na san RPG, a laftof ɗin abokin ɗakina. Irin gem ɗin nan ne da kai ne jarumin labarin, kana yawo gari-gari, kana magana da mutane, ƙarfinka na ƙaruwa.

Na farko-farkon labarinsu gajere ne. Dragon Quest da ya fito a Japan a 1986, sarki ya aike ka, ka ceto gimbiya, ka kashe mugu. Shi ke nan. Na'urar lokacin ba ta da wurin ɗaukar dogon zance.

Final Fantasy VII na 1997 shi ya tsaya min a rai. Faifai uku ne, babu murya ko ɗaya, rubutu kawai. A ƙarshen faifan farko Sephiroth ya kashe Aerith, yarinyar da ka ɓata awanni kana ƙara mata ƙarfi. Maganin da ke tayar da wanda ya faɗi a fagen faɗa yana cikin jakarka, amma a nan ba shi da amfani. Wallahi mutane sun yi shekaru suna yaɗa jita-jitar wai akwai hanyar dawo da ita. Babu. Kamar tatsuniyar kaka ce, ko ka yi kuka Gizo sai ya yi abin da zai yi.

Daga baya murya ta shigo jerin Final Fantasy da Final Fantasy X a 2001, sannan aka ƙara miƙa wa mai wasa ragama. A Mass Effect na 2007, wanda ka bari ya mutu ba zai dawo a kashi na biyu ba. The Witcher 3 na 2015, aikin 'yan Poland, ya fi su iya mugunta. Akwai wani aljani da aka ɗaure a cikin bishiya. In ka sake shi marayu su tsira, amma ya hallaka ƙauye, kuma Baron ya rataye kansa. In ka kashe shi, yaran sun tafi. Ba ka ganin sakamakon sai can gaba, lokacin da komawa baya ya yi tsada.

A nan muke musu da abokin ɗakin nawa. Shi Baldur's Gate 3 na 2023 yake bugawa, in abu bai yi masa daɗi ba sai ya loda daga baya, har sau goma. Ya ce ai 'yanci ke nan. Ni kuwa a ganina mutuwar da za ka iya gogewa ba ta da zafi, shi ya sa har yau ban ji ya ambaci sunan kowa a gem ɗin da tausayi ba.

Mai son gwadawa ya fara da FF7 na asali, ko tsohuwar laftof tana ɗauka, kuma bai cin data irin na yanzu masu wuce giga 100. Amma fa yana cin kusan awa 40, ku bari sai an gama jarabawa.