Karfi Da Majalisar Malumfashi: Wa Ke Riƙe Da Akala?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi, da abin da ta sa na yi ta tunani a kansa.

Na tashi daga Zariya da kaka, na bi ta Funtuwa na sauka Malumfashi, daga nan na je Karfi na kwana uku. Wanda bai taɓa ratsa kudancin Katsina a wannan lokaci ba, ba zai gane albarkar da Allah ya zuba mata ba. Ko'ina ka duba masara ce da dawa da waken suya, ga auduga ta fashe fari fat. Tun zamanin Turawa an san ƙasar nan da auduga, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta biyo ta Funtuwa. Mutanen Karfi kuwa manoma ne na gaske, masu karɓar baƙo.

Karfi ba ta da majalisa tata ta kanta. Ɗaya ce daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Malumfashi, kamar su Dayi da Yaba da Ruwan Sanyi, kowace tana aika kansila ɗaya, sa'an nan jama'ar mazaɓun duka su zaɓi ciyaman. A wuyan majalisar nan tsarin mulki ya rataya kasuwanni da tashoshin mota da ƙananan hanyoyi, da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu cikin sha'anin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Watau duk abin da ya fi kusa da talaka. Amma da na zauna da dattawa a gindin bishiya muka taɓa zancenta, sai na ga ba su ɗauke ta tasu ba. Abin da su ke faɗi shi ne, wanda ya ke da Katsina shi ke da Malumfashi. Na bi tarihi in gani ko sun yi ƙari, na tarar ba su yi ba.

Tun da can ƙasar Malumfashi ta Galadiman Katsina ce. A zamanin En'e, tun daga sarautar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, umurni daga Katsina ya ke fitowa ya sauka kan hakimi, daga hakimi sai dagaci, daga dagaci sai mai unguwa. Haraji da jangali kuma su bi wannan tsani su hau zuwa Baitulmali. Ba wanda ya ke tambayar manomi ra'ayinsa. Ko da aka fara zaɓe a 1951, hawa-hawa a ke yinsa: mutanen ƙauye su fid da wakilai, wakilan su fid da waɗansu, har a kai ga waɗanda za su zauna majalisa a Kaduna. Kafin muryar mutumin Karfi ta kai can, ta riga ta dushe. A shekarun nan ne NPC da NEPU su ka yi ta ja-in-ja a Arewa, sarakuna da hakimai galibi suna gefen NPC. Mata kuwa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976.

A 1976 ɗin ne gwamnatin soja ta yi babban gyara. Aka rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a Nijeriya duka, Malumfashi ta zama ɗaya daga cikin 14 na tsohuwar Jihar Kaduna, aka yi zaɓe ba da jam'iyya ba. Hakimi ya koma uban ƙasa mai ba da shawara, baitulmali ya koma hannun majalisa. Darajar sarauta dai ba ta faɗi ba, don mun ga Mai Shari'a Mamman Nasir ya bar shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1992 ya zama Galadima, ya zauna Malumfashi har Allah ya yi masa rasuwa a 2019. Amma niyyar gyaran ita ce iko ya riƙa tasowa daga ƙasa.

Niyyar ba ta daɗe ba. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna, NPN kuwa ta fi yawa a majalisar jiha, aka yi ta gwagwarmaya har aka tsige shi a watan Yuni na 1981. Cikin wannan rigima, ƙananan hukumomi a hannun naɗaɗɗu su ka zauna. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987, aka yi zaɓe a Disamba na shekarar ba da jam'iyya ba, aka sake yi a Disamba 1990 tsakanin SDP da NRC, aka kuma yi a 1996 da 1997 zamanin Janar Abacha, da kuma Disamba 1998. Kowane sabon mai mulki da irin nasa zaɓe, kowanne kuma sai ya share na wanda ya gada.

To, a nan ne na ke so masu karatu su natsu. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ce lalle ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu. Amma shi ne kuma ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, wadda gwamna ke naɗa mutanenta, ya kuma sa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ku dubi abin da wannan ya haifa. PDP ta riƙe Katsina daga 1999 zuwa 2015, zamanin Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa da Barista Ibrahim Shema. A zaɓen 2014 ta kwashe ƙananan hukumomi 34 duka. A 2015 APC ta karɓi jiha, gwamna ya zama Alhaji Aminu Bello Masari, mutumin Kafur, maƙwabcinmu, wanda ya taɓa wakiltar Malumfashi da Kafur a Majalisar Wakilai har ya shugabance ta daga 2003 zuwa 2007. Cikin shekarar ya rushe majalisun nan duka bisa zargin ɓarnar kuɗi. Aka tafi shari'a, sai a watan Mayu na 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ba ta kan doka, a biya waɗanda aka kora hakkinsu. Ba a sake zaɓe ba sai Afrilu 2022, APC ta yi rinjaye ƙwarai. A Fabrairu 2025, zamanin Gwamna Dikko Raɗɗa, ta ɗauki kujerun ciyaman 34 da na kansila 361, ba ta bar ko ɗaya ba.

Ban kawo wannan don in zargi wata jam'iyya in wanke wata ba, gama kowacce da ta sami dama haka ta yi, haka kuma a ke yi a yawancin jihohi. Abin da na ke nufi shi ne, in mutum ya san daga Katsina kujerarsa ta fito, Katsina zai riƙa duba, ba Karfi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Tsanin En'e ke nan ya komo, sai dai an sa masa akwatin ƙuri'a a gindi.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan siyasa ne kawai. Ƙasar nan tana fama da 'yan bindiga. A watan Agusta na 2025 sun faɗa wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙasar Malumfashi, su ka kashe bayin Allah masu yawa. Allah ya jiƙansu. Soja da 'yan sanda ba a hannun ciyaman su ke ba, gaskiya ne. Amma hanyar da za a bi a kai ɗauki, da ɗakin maganin da za a kai mai rauni, da bakin da zai kai kuka sama tun wuri, waɗannan duka aikin majalisa ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, in an bar shi ya yi magana.

Akwai abin sa rai. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Amma hukunci a takarda ba ya gina kwalbati.

Saboda haka ina kira gare ku, ya ku malaman makaranta da akawuna da malaman zaure na Karfi da kewaye. Kowane wata a kan buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun Tarayya. Ku nemi na Malumfashi, ku karanta wa jama'a a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Ku gayyaci kansilanku cikin ladabi, ko sau biyu a shekara, ya faɗi abin da aka yi wa mazaɓarsa. Ku halarci zaɓen fid da gwani na jam'iyyunku, tun da ya ke a nan ne a ke yanke magana tun kafin ranar ƙuri'a. Wanda ya yi aiki ku rubuto wa jarida ku yaba masa, wanda ya gaza ku faɗa ba tare da zagi ba. Ina kuma roƙon shugabanninmu su yarda mai hamayya ya ci ko da kujera ɗaya in jama'a sun ba shi, don majalisar da ba mai cewa a'a a cikinta ba ta jin inda ta yi kuskure.

In akwai wani mutumin Malumfashi ko Kafur da ya ga abin ba haka ya ke ba, ina so ya amsa mini a wannan fili. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa damina mai zuwa ta fi ta bana albarka, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Zariya.