Mashiko, Garin da Kwanon Miya Ya Shiga Gidan Tarihi

Daga Tokiyo zuwa Mashiko tafiyar kamar kilomita 100 ce ta arewa. Jirgin ƙasa mai gudun walƙiya kan sauke mutum a Utsunomiya, daga nan sai bas mai tafiyar hawainiya ta ratsa da shi gonakin shinkafa da 'yan tuddai masu duhuwar itatuwa. Garin ƙarami ne, mutanensa 20,000 da 'yan kai, amma magina tukwane a cikinsa ɗaruruwa ne. A titin Jonaizaka kusan kowace ƙofa shago ce, kowane shago kuma kwanoni ne, da farantai, da butocin shayi, an jibge su har bakin hanya ba mai gadi. Na ga wata tsohuwa ta ɗauki kofi, ta kifa shi, ta shafa gindinsa da babban yatsa, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ta fi minti goma tana haka. Mai shagon ko kallonta bai yi ba, don a nan haka ake sayen kofi.

Sana'ar ba ta wani tsufa a garin ba, in an auna ta da ma'aunin Japan. A 1853 wani mutum mai suna Otsuka Keizaburo ya tarar da yumɓu mai kyau a wurin ya gina matoya. Yumɓun Mashiko mai yashi ne, ba ya yarda a ja shi ya yi siriri kamar tangaran, shi ya sa kayan garin suke da kauri da nauyi. Abin da ake yi a da shi ne kayan ɗakin girki: randa, da kwanon niƙa, da butar shayi, a loda su a kai Tokiyo a sayar da araha. Ba wanda ya taɓa kiran masu yin su masu fasaha, su ma ba su kira kansu ba.

Sai 1924 da Hamada Shoji ya zo ya zauna. Mutum ne mai boko, ya karanci ilmin haɗa yumɓu da launi a Tokiyo, ya yi aiki a Kyoto, ya zauna Ingila. Ya baro duk wannan ya tare cikin ƙauyawa, har aka daɗe ana yi masa kallon zargi. Shi da abokinsa Yanagi Soetsu da Kawai Kanjiro suna da wata aƙida: kyawun gaskiya yana cikin kayan da talaka ya yi don amfanin yau da gobe, wanda hannu ya maimaita sau dubu har ya daina tunani, ba cikin abin da aka yi don a yaba wa mai yinsa ba. Suka kira tafiyar tasu Mingei, suka buɗe mata gidan tarihi a Tokiyo a 1936. Saboda wannan aƙida Hamada ya daina sa hatiminsa a jikin tukwanensa.

Gidansa yanzu wurin ziyara ne. Tsofaffin gidajen manoma ne masu jinkar ciyawa, da ya saya a ƙauyuka aka kwance su aka sake kafa su a nan. Abin da ya tsayar da ni shi ne matoyar. Ba rami ba ce, ba kuma tarin itace a fili ba. Ɗakuna ne na tubali masu rufin baka, a jere, suna hawa gangaren tudu ɗaya bisa ɗaya. Ana hura wuta a ɗakin ƙasa, zafin ya bi ta ramukan bango ya haura na sama, hayaƙin da zai tafi a banza ya zama shi ke ɗumama ɗaki na gaba. In na farko ya nuna sai a koma na biyu ana jefa masa faskare ta wata 'yar kafa a gefe. Haka za a yi kwanaki, dare da rana, ana karɓa-karɓa, har zafi ya haura digiri 1,200. Wani dattijon magini da ya zaga da ni, ta bakin tafinta, ya ce launin harshen wuta yake kallo, kuma ko bayan shekarun da ya yi a sana'ar ba ya iya rantsuwa kan abin da zai tarar ranar buɗewa. Girgizar ƙasar Maris 2011 ta rusa matoyai da dama a garin, har da na gidan Hamada, aka yi karo-karo aka sake gina su.

Shafen ƙyallin da ke jikin kayan ma daga ƙasar wurin yake. Fari mai kauri kamar kindirmo daga tokar ɓuntun shinkafa ake samunsa. Ja mai duhu kuwa daga garin wani dutse na yankin mai yawan ƙarfe. Hamada kan ɗebi ruwan da ludayi ya kwarara a kan ƙaton faranti da juyin hannu ɗaya, shi ke nan zane ya ƙare. Ana ba da labarin cewa wani ya yi ƙorafin tsadar abin da aka yi cikin daƙiƙa 15, ya amsa masa da cewa a haɗa da shekara 60 da suka gabaci daƙiƙoƙin.

Amsar ta yi daɗi, amma a nan ne na fara jayayya da gidan a zuciyata. A 1955 gwamnatin Japan ta sa Hamada cikin rukunin farko na gwanayen da ta ayyana a matsayin dukiyar ƙasa mai rai, matsayin da har yau ake ba mai riƙe da shi yen miliyan 2 a shekara don ya koyar da magada. Tukwanen da ba hatimi kuwa ana sayar da su cikin akwatin katako, a kan murfin akwatin Hamada ya rubuta sunansa da buroshi. Dillalai yau akwatin suke fara dubawa. Kwanon da aka yi don a sha miya yana bayan gilashi, ana hana taɓa shi. Mutumin da ya fi kowa yabon magini mara suna shi ne ya fi kowane magini suna a ƙasar. Ban ce yaudara ya yi ba, aikinsa yana da kyau na gaske, sai dai boko da tafiye-tafiye ne suka ba shi damar zaɓen zama ba suna, maƙwabtansa kuwa ba zaɓa suka yi ba.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ita ce Minagawa Masu. Aikinta zana tsaunuka da ruwa da ɗan gida a jikin butar shayi, ɗaruruwa a yini, ana biyanta kuɗi kaɗan kan kowace. Zanen gadonsa ta yi. A 1938 aikinta ya ci kyauta a baje kolin sana'o'in hannu na duniya a Balin. Na daɗe gaban butarta fiye da yadda na daɗe gaban farantan Hamada. Layukan kamar an watsa su ne, babu alamar inda hannu ya tsaya ya yi shawara.

Akwai kuma Shimaoka Tatsuzo, almajirin Hamada, wanda ya sami irin wancan matsayi a 1996. Mahaifinsa mai tufkar igiyar siliki ne. Shi sai ya riƙa mirgina guntun igiya a kan ɗanyen yumɓu, ya cike sawun da farar ƙasa, ya kankare, zane ya fito kamar saƙa. Da na gani sai da na yi dariya ni kaɗai, don matan Gwari sun daɗe suna mirgina tufkakken zare a wuyan tulu.

Kuma alaƙar ta wuce kama. A 1920 Hamada ya raka wani Bature magini, Bernard Leach, zuwa St Ives a Ingila, suka gina matoya mai hawa tudu irin ta Japan. Cikin almajiran Leach na farko akwai Michael Cardew. Shi ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka a 1950, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata mata daga Kwali, ya nemi sanin mai su. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Ta ci gaba da gina tulu da hannu yadda ta koya wurin gwaggonta, da kada da ƙadangare da kunama a jikinsa, sai dai yanzu ana shafa masa ƙyalli a gasa shi da wuta irin ta Mashiko. Tulun ya fito da kyau, ya je Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta yana bayan takardar naira 20. Amma ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuma tun da ƙyalli ya toshe jikinsa ba ya tsatsafo, ruwa ba ya sanyi a ciki. Abin da ya sami kwanon Hamada shi ya sami tulun Ladi.

Garin dai bai koma gidan tarihi duka ba. Sau biyu a shekara, da bazara da kaka, ana cin kasuwar tukwane tun 1966, matasan magina su kafa ɗaruruwan rumfuna, mutane su yi dafifi daga Tokiyo da jakunkuna. Akwai masana'antar da ke buga ƙananan tukwanen dafa shinkafa da ake sayar wa matafiya da abinci a ciki a tashar jirgin Yokokawa. In ka cinye, tukunyar taka ce. A wata rumfa wata budurwa da ta bar aikin ofis ta koma yumɓu ta nuna mini kwanoninta, kowane da ɗan hatiminta a gindi. Na tambaye ta batun Hamada da ƙin sa suna. Ta ce shi ai an san shi, ita kuwa in ba hatimin, wanda ya saya bana ba zai gano rumfarta baɗi ba.