Murar Da Ta Sauka Huhun Yaya

A Ƙaura Namoda ta ƙuruciyarmu, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, mura ba ta cikin lissafin ciwo. Hunturu na kamawa buji zai turnuƙe gari, har a daina hango tashar jirgin ƙasa daga nesa, kowane gida kuwa tari ne ke tashi. A tafasa citta da kanumfari, a yi sirace, a shafa man zafi a ƙirji, shi ke nan. Wanda mura ta kwantar, raki ake cewa yana yi.

A irin wannan hunturu aka kawo Yaya gida goyon ciki daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi inda take aure. Cikin fari ne, ya shiga wata bakwai. Ni ce 'yar aikenta, ina firamare. Murar ta fara da ƙannenmu, ta bi ta kan Baba, ta bi ta kaina, duk muka ware. Ita kaɗai ce ba ta ware ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka, tari ya bushe, kwanciya ta gagare ta sai an jingine ta da bango.

Kunya biyu ce ta haɗu a gidan. Yaya 'yar fari ce, Inna ko sunanta ba ta faɗi, balle ta nuna damuwa a gaban mutane. Sai dai ta kira ni gefe ta ce, "Je ki gano ko waccan ta sha kunun." Yaya kuma, da cikin fari a gidan iyaye, ba za ta buɗe baki ta ce tana jin jiki ba. Da na dawo na ce haki take yi, matan gida suka ce nauyin ciki ne. Suna da 'yar gaskiya, don mai tsohon ciki takan yi haki idan ta yi daka ko ta ɗebo ruwa. Amma Yaya a zaune take hakin, ba ta iya kai ƙarshen magana sai ta tsaya ta ja numfashi. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a haƙarƙari. Mai kemis ya zo ya yi allura. Jiya i yau.

Gwaggo ce ta fasa ƙwan. Ta sauka daga motar 'yan kasuwar Shinkafi ranar Alhamis da yamma, ta leƙa ɗakin, ta fito ko mayafi ba ta ajiye ba ta nufi zaure. "Malam, ɗiyar ga ba ciki ka damun ta ba. Taho ka dubi leɓunanta." Sun yi duhu.

Asibitin da aka fara kai ta akwai tukunyar iskar oksijin a jingine, amma babu komai a cikinta. Aka ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti a birni. A can naƙuda ta taso ba lokacinta ba, ta haifi namiji bakwaini, bai kai suna ba ya koma. Yaya ta sha da ƙyar, ta daɗe kafin ta iya ratsa tsakar gida ba tare da ta huta ba. Abin da likita ya faɗa wa Baba, wanda ya yi ta maimaitawa ga masu zuwa jaje cike da mamaki, shi ne mura ce ta sauka huhu.

Sai da na girma na fahimci dalilin da ciwon da ya ratsa gida guda ya zaɓi mutum ɗaya. Mai ciki tana buƙatar iskar oksijin fiye da da, da kusan kashi 20 cikin 100, ga mahaifa ta tokare huhu daga ƙasa ta rage masa wuri, ga garkuwar jiki ta sassauta don kada ta yaƙi ɗan tayi. Idan ƙwayar bairos ta isa huhu, sai ya cika da ruwa kamar soso. Jaririn ba shi da wata iska sai wadda ke cikin jinin uwa, don haka zafin zazzaɓi da ƙarancin iska kan jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ɗan ya mutu a ciki. Allurar mai kemis kuwa ta kashe bakteriya ce, ba ruwanta da bairos.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Annobar murar 1918, wadda ta shigo Legas a watan Satumba ta bi layin dogo zuwa Kano, an ƙiyasta ta kashe kusan mutum rabin miliyan a Najeriya. A Amurka an bi bayanan masu ciki 1,350 da suka kamu a lokacin: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun rasu, waɗanda ta sauka musu huhu kuwa kusan rabi. A murar 2009 masu ciki kashi 1 ne cikin 100 na mutanen Amurka, amma kashi 5 ne na mamatan. Korona ma ta fi kai su ɗakin kulawa ta musamman. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi a Bamako daga 2011 zuwa 2014, inda rigakafin mura da aka yi wa masu ciki ya kare jariransu a watannin farko. Mali ce fa, ba Turai ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a sahun gaba na wannan rigakafi, amma a wajen awo a ƙasarmu ba a cika jin zancensa ba.

Wani abin ya gyaru. Yau akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa ta nuna yawan iska a jini, kuma ga mai ciki ana so kada ta sauka ƙasa da 95. Akwai maganin oseltamivir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ko da yake ƙarfin aikinta kan yara ne. Amma tsaron hanya ne ya lalace. Motar da ta ɗauki Yaya da dare ta fita, ba wanda ya ji ɗar. Yanzu wane direba ne zai bi hanyar Zurmi ko ta Shinkafi bayan magariba? A Satumbar 2021 ma layukan waya aka katse a Zamfara baki ɗaya, ko kiran direban ba ya yiwuwa.

Don haka jiran dare ya yi tsada. Maigida, uwar miji, gwaggo: idan mai ciki tana mura da zazzaɓi, tana haki a zaune, ko ta ce motsin ɗan ya ragu, ku fita da ita asibiti tun rana na sama, ku kuma tambaya ko akwai iska kafin ku sallami mai mota.