Ziyarar Kufan Naga

A birnin Omdurman na ƙasar Sudan akwai Hausawa da yawa. Kakanninsu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin Kogin Nilu, zango kuwa ya zama gida. Cikinsu akwai wani dattijo mai jikoki biyu, mace da namiji. Yaran suna jin Hausa sarai, amma in ya yi musu magana, sai su amsa masa da Larabci. Abin nan yana damunsa ƙwarai, ko da yake bai taɓa tsauta musu ba.

A Sudan, Jumma'a da Asabar su ne ranakun hutu. Wata Jumma'a cikin sanyin shekarar 2017, da aka sauko daga masallaci, sai uban yaran ya ɗauke su a mota, su da tsohon, za su ga kufan Naga. Suka riƙi guzuri da ruwa da barguna. Naga tana arewa maso gabas da Hartum, wajen mil 100. Suka bi kwalta ta hanyar Shandi, sa'an nan suka ratse gabas, suka shiga rairayi. Ba su isa ba sai da rana ta yi ja. Suka kwana a fili kusa da wata rijiya.

Da gari ya waye, suka tarar makiyaya sun cika bakin rijiyar da raƙuma da awaki. Saboda zurfinta, jaki ne ke jan igiyar guga, sai ya yi tafiya mai nisa kafin gugan ya fito. Mai gadin wurin ya zo, aka gaisa, ya shige musu gaba.

Da fari ya kai su wani ɗakin tsafi inda raguna 12 na dutse suke gurfane, shida dama shida hagun, kamar dogarai a ƙofar fada. Ya ce mutanen daular Kush ne suka gina wurin, yau kusan shekara 2,000 ke nan. A zamaninsu nan gari ne babba, ba daji ba.

Daga nan suka tafi Ɗakin Zaki, wanda aka gina domin wani gunki mai kan zaki, sunansa Afedemak. A bangon ƙofa an sassaƙa Sarki Natakamani, ya cafko gashin abokan gaba, ya ɗaga makami, ga zaki a ƙafafunsa. A ɗaya gefen kuma ga Sarauniya Amanitore, ita ma ta cafko nata. Yarinyar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ga tsawonsu ɗaya, ba wanda ya fi wani. Mai gadi ya ce haka ne, tare suka yi mulki. Suka zaga baya, suka ga gunkin da kai uku da hannu huɗu. Yaron ya matsa kusa da ubansa.

Can sai yarinyar ta hangi rubutu a jikin bango, ta tambaya me aka ce. Mai gadi ya ce, "Nan fa ake yin ta. Haruffansu 23 ne. Wajen shekarar 1911 wani Bature ɗan Ingila, Griffith, ya gano yadda ake faɗin kowane harafi. Saboda haka masana suna iya karanta rubutun da baki, suna gane sunayen sarakuna, da 'yan kalmomi kamar kore, watau sarki, da ato, watau ruwa. Amma yawancin maganar ba mai fahimtarta."

Yaron ya ce, "Don me ba za a tambayi jikokinsu ba?"

Mai gadi ya ce, "Daular ta faɗi wajen shekara 350 bayan haihuwar Annabi Isa. Sannu a hankali mutane suka koma wasu harsuna, har aka wayi gari ba sauran mai jin wannan."

Tsoho dai yana tsaye, ya dogara da sandarsa, bai ce kome ba. Sai da suka zauna gindin wata ƙaya za su ci guzuri, sa'an nan ya ce da Hausa, "Maigida, kai da amaryata, ku matso. Kun ga mutanen nan sun fi mu ƙarfi, sun fi mu dukiya. Sun zaɓi dutse don kada maganarsu ta ɓace. Dutse ya riƙe amana, ga rubutu nan daram. Baki ne ya saki. A akwatina akwai wasiƙar da ubana ya bari, da Hausa cikin ajami. In na mutu, wa zai karanta ta ya gane?"

Yaran suka yi tsit. Jim kaɗan yaron ya buɗe baki, harshensa yana sarƙewa, ya ce, "Kaka, in mun koma gida, ka koya mini." Yarinyar ta ce, "Ni ma, Kaka." Tsoho ya yi dariya, ya ce, "Madalla! Ashe angon nan yana da baki."

Da azahar suka kama hanya, suka isa gida bayan magariba. Tun daren nan aka buɗe akwati.

Hukumar UNESCO ta sa Naga cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ya raba mutane masu ɗimbin yawa da gidajensu. Wanda ya gudu ba ya iya ɗaukar gini a ka, amma harshensa yana tafe da shi duk inda ya sa gaba.

Tambayoyi

1. Me ya kai Hausawa Sudan?
2. Raguna nawa ne a ƙofar ɗakin tsafi na fari?
3. Me yarinyar ta lura da shi a Ɗakin Zaki?
4. Don me ba a gane yawancin rubutun Naga?